Wa Ya Fi Iya Kiɗa? Gardamar da ta Bar Gangar Noma a Baya

A Kuba da Amurka, masu sha'awar konga, doguwar gangar nan da ake bugawa da tafin hannu, sun daɗe suna musu: Chano Pozo ne gwani, wanda ya shigar da ita kiɗan jaz tare da Dizzy Gillespie kafin a kashe shi a New York a 1948, ko kuwa Mongo Santamaría? Abin lura, waɗanda ake musu a kansu su ne masu taɓa fata da hannunsu.

Tamu gardamar daban take. A majalisun ƙauyukan Watari, wajen Bagwai, wani zai ce Narambaɗa, wani Ɗanƙwairo, wani ya rantse babu kamar Shata. Amma in an saurara da kyau, murya da azanci ake yabo. Masu kotson Narambaɗa da masu kalangun Shata, mutum nawa ne a majalisar zai iya kawo sunayensu?

Ra'ayina shi ne an ɗora tambayar a kan gurgun ma'auni. Kowace ganga da aikinta. Kotso da taushi na fada ne, kalangu ya taso wurin mahauta da 'yan dambe. Manazarta Ames da King sun nuna wannan rabo tun 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya faɗaɗa shi. Don haka gwanin kiɗa shi ne wanda gangarsa ta sa wanda ake yi wa kiɗan ya aikata abin da ba zai iya ba in babu ita.

A nan makaɗin noma ya cancanci a saurare shi. Ranar gayya, samari sun jeru da garemani, kowa da kunyarsa. Makaɗi yana tafe a bayansu, ganga rataye a kafaɗa, gula a hannu, idonsa a kan layin. Da ya ga wani ya fara sanyi sai ya matsa kusa, ya saki taken ubansa. Yaron nan zai sunkuya, ƙasa ta riƙa tashi, har ya wuce na gabansa. Makaɗin nan dole ya haddace taken kowane gida, ya san mai zuciya da wanda sai an lallaɓa, ya daidaita bugunsa da numfashin mutanen da suka gaji.

Za a ce ai ba a san shi ba bayan garinsu. Gaskiya ne, amma rediyo da faifai ne suka zaɓi wanda za a sani, kuma fada da birni suka nufa. Narambaɗa da Ɗanƙwairo kansu da kiɗan noma suka fara. Yanzu da tarakta da aikin ƙwadago suke ture gayya, wajibi ne masu nazari su shiga ƙauyukan Bagwai da Bichi su naɗi take daga hannun dattawan da suka rage, kowanne da sunansa.