Tsohuwar mandolin: yadda ake gyara ta da abin da ke tsayar da farashinta

Mandolin abin kiɗa ce mai tsirkiya 8, an jera su biyu-biyu, ana kaɗa su da wani ɗan falle mai kama da farce. Asalinta ƙasar Italiya ne, inda iyalin Vinaccia na birnin Napoli suka yi suna wajen ƙera ta a ƙarni na 18. Irin ta Napoli bayanta kamar ƙwarya yake, an haɗa shi da siraran katako masu yawa.

A Amurka kuma Orville Gibson ya fito da wani fasali, yana sassaƙa fuska da bayan daga katako mai kauri. An kafa kamfanin Gibson a shekarar 1902 a garin Kalamazoo na jihar Michigan. Tsakanin 1922 da 1924 injiniyan kamfanin, Lloyd Loar, ya riƙa sa hannu a takardar da ke manne cikin samfurin F-5. Yawansu bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, shi ya sa guda ɗaya kan haura dala dubu 100.

Ka'idar masu gyara ita ce a taɓa kaɗan, a bar asali. Abin da ya fi samun tsohuwar mandolin shi ne tsagewar fuska, sakin wuya da cinyewar ƙarafunan da ake danna tsirkiya a kansu. Ana liƙe tsaga da manne na fatar dabba, domin zafi da laima na narkar da shi, wanda zai yi gyara nan gaba ya iya buɗewa ba tare da ɓarna ba. Kankare tsohon man ƙyalli a shafa sabo kuwa yana karya farashi sosai, ko da ta fi kyan gani. Irin ta Napoli ba ta jure tsirkiya mai nauyi: fuskarta kan lotsa.

Gyaran da ya fi shahara shi ne na F-5 ɗin mawaƙi Bill Monroe, ƙirar 1923. A 1985 wani ya shiga gidansa ya farfasa ta da ƙarfen tonon wuta. Charlie Derrington na kamfanin Gibson ya harhaɗa ɗaruruwan gutsattsarin, Monroe ya ci gaba da kaɗa ta. Yau tana ajiye a gidan tarihin kiɗan kantiri da ke Nashville.

Wajen sayarwa, mai saye na duba takardar ciki, lambar ƙira, maɗauran tsirkiya da akwatinta na asali. Mai sayarwa na gaskiya yakan bayyana duk gyaran da aka yi, ya haɗa da sassan da aka cire. Akwai kuma batun doka: wasu tsofaffin an yi musu ado da ɓawon kunkurun teku ko hauren giwa, ko an yi su da wani katakon Barazil da aka taƙaita cinikinsa tun 1992. Fitar da irin waɗannan daga ƙasa na buƙatar takardar yarjejeniyar CITES, in babu ita kwastan na iya ƙwacewa.

Busasshiyar iska irin ta hunturu ita ce babbar abokiyar gabar katakon. Ana ajiye mandolin cikin akwatinta, nesa da rana, tare da ɗan abin da zai riƙe laima.