Daga Kulkin Ɗan Doka Zuwa Kyamarar Caji Ofis

Duk ma'abocin kallon finafinan mu ya san wannan fitowar: an kawo wanda ake zargi caji ofis, Sufeto ya daka masa tsawa, kofur ya sharara masa mari, nan take sai ya ce, "Wallahi ni na kashe Alhaji." Shi ke nan, wai bincike ya ƙare! A littattafan mu ma haka abin ya ke. To, ina wannan marin ya samo asali?

Sai mun koma Legas. A 1863 wani Bature, John Glover, ya ɗebi Hausawa, da yawan su bayi ne da su ka gudo, ya ba su bindiga. Aikin su shi ne tsare mulkin Turawa da murƙushe duk wanda ya ɗaga kai. Kare talaka ba ya cikin lissafi. Daga irin waɗannan dakarun ne aka haɗa na Kudu da na Arewa a 1930, aka samu Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya.

A nan Arewa kuwa, sarakuna su na da dogarai, daga baya En'e ta kafa 'yan doka. Dattawa har gobe su na ba da labarin kulkin su, musamman waɗanda su ka yi NEPU, domin sun sha ɗauri da bulala a siyasar Jamhuriya ta Farko. Wannan na daga cikin dalilan da su ka sa gwamnatin Gowon ta narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya. An sauya kaki, amma sauya hali sai a hankali.

Sannu a hankali aka fara ɗaukar aikin a matsayin ilimi. Kurata na samun horo a kwalejoji irin ta Kaduna, sannan a 1988 aka kafa makarantar hafsoshi da ke Wudil, wadda yanzu digiri ta ke bayarwa. Doka ma ta motsa. Ta shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin mai amsa laifi a bidiyo ko a gaban lauyan sa, ta kuma hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. A 2017 azabtarwa ta zama laifi mai zaman kan sa. A 2020 sabuwar Dokar 'Yan Sanda ta maye gurbin ta 1943, kuma a Oktoban shekarar zanga-zangar matasa ta sa aka rushe SARS.

Ba na cewa an daina mari a bayan kanta. Kowa ya san ba a daina ba. Amma fa mai karatu, miliyoyin mutane a fim su ke koyon yadda hukuma ta ke. Idan kullum jarumin ɗan sanda shi ne mai saurin hannu, ranar da aka mari ɗan kallo zai ɗauka ƙa'ida ce.

Don haka marubuta da daraktoci, a taimaka a leƙa littafin doka kafin a ɗora kyamara. Ku nuna mana jami'in da ke bin zanen yatsa da bayanan waya, da tsohuwar da ta san beli kyauta ne. Wallahi labarin zai ma fi armashi.