Faifan Shata, Gurmin Haruna Uji, da Akwatin da Ruwa Ya Ci

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba. Yau hirar tamu ta faifai ce da kaset, kuma daga ƙasar Hadejia za mu taso.

A daminar 2020, da kogin Hadejia ya tumbatsa, ruwa ya shiga gidan kakana a wani ƙauye ta wajen Auyo. An kwashe yara, an kwashe buhunan shinkafa da awaki. Abin da ba wanda ya tuna da shi shi ne wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Da ruwa ya janye muka buɗe, sai ga faya-fayan garmaho guda bakwai da kaset wajen arba'in. Kwalayen sun zama taɓo, takardun da ke tsakiyar faya-fayan sun ɓare, zaren kaset ɗin ya manne da juna. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, to meye na damuwa? Duk waƙoƙin nan fa suna wajen masu turawa a kasuwa, yanzu a cika maka memori." A ranar ban samu amsar ba shi ba. Sai daga baya na gane cewa waƙar tana nan, amma shaidarta ce ruwa ya tafi da ita.

Bari mu ɗan koma baya. Faifan farko da ya shigo ƙasar nan shi ne mai juyi 78 a minti, mai nauyi, mai saurin fashewa, wanda kowane gefe ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku ko huɗu. Ku yi tunanin makaɗin da ya saba kwana yana waƙa a ce masa ya gama a minti uku! A 1931 aka haɗe wasu manyan kamfanonin faifai biyu a Ingila suka zama EMI, kuma daga baya kamfanin ya buɗe reshe da ɗakin ɗaukar sauti a Legas. Da faifai mai juyi 33 ya zo, wanda gefe ɗaya ke cin wajen minti ashirin, sai makaɗan Hausa suka samu fili. A irin wannan faifan ne EMI ya fitar da Alhaji Mamman Shata da makaɗan kalangunsa da 'yan amshinsa, haka kuma Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa.

To ga inda maganar take. Kowane faifai yana da takarda zagayayya a tsakiya, kuma yana da kwali. A jikinsu ake rubuta sunan mawaƙi, sunan waƙa, tambarin kamfani, lambar faifan, wani lokaci har da shekara da hoto. Da wannan lambar ne mai bincike zai jera faya-fayai ya gane wanne ya riga wanne fitowa. Hoton kwalin kuma yana nuna maka irin rigar da aka sa, irin gangar da aka riƙe, da fuskokin mutanen da a waya muryarsu kawai kake ji. Yanzu duba wayarka. Waƙar Shata nawa ce a ciki da ba ta da suna sai lamba? Nawa ce aka laƙaba wa sunan da ba nata ba?

Turawa sun daɗe da gane wannan. Ƙungiyar The Beatles ta Ingila, wadda ita ma a EMI ta tashi, ta kafa nata kamfanin faifai mai suna Apple a 1968. A shekarar suka fitar da wani faifai mai farin kwali, aka buga wa kowane kwali lambarsa. Mai lamba ta ɗaya yana hannun makaɗin gangarsu, Ringo Starr, kuma da aka yi gwanjonsa a Disambar 2015 an saye shi dala 790,000. Waƙoƙin da ke ciki kowa zai iya jinsu a intanet. Kuɗin na kwalin ne da lambar da tarihin hannun da ya riƙe shi. Kuma kada ku ɗauka labarin na nesa ne: a 1973, bayan ƙungiyar ta watse, Paul McCartney ya zo ya yi aikin faifansa Band on the Run a ɗakin EMI na Legas. Masu tara kayan tarihi a can sun san ranakun da aka yi wannan aiki. Mu fa, wa ya riƙe ranakun namu?

Sai zamanin kaset. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, kuma cikin shekarun 1970 da 1980 rikoda ta shiga kusan kowane gida da shago da tasha a Arewa. Kaset ya karya kasuwar faifai, domin kowa zai iya kwafa. Amma ya yi mana wani alheri: ya ba talaka damar ɗaukar sauti da kansa. A wajen biki, a naɗin sarauta, a dandali, mutum ya ajiye rikodarsa ya danna. Marigayi Haruna Uji, ɗan Hadejia mai gurmi, wanda waƙarsa ta Jummai ta zagaye ƙasar Hausa, rediyo da kaset ne suka kai muryarsa lungu-lungu. A akwatin kakana akwai kaset ɗaya da ya ɗauka da hannunsa a wani biki da Haruna Uji ya yi wasa, ya rubuta sunan gari da shekara da biro a jiki. Faifan EMI an buga shi da yawa, in an nema za a samu wani. Wannan kaset kuwa shi kaɗai ne a duniya, kuma ya tafi.

In kuna ganin kaset ɗaya ba komai ba ne, ku ji labarin Mamman Sani na Nijar. A 1978 ya ɗauki kiɗansa na ogan a gidan rediyon ƙasar, aka kwafi kaset 'yan kaɗan. Bayan shekara talatin da ɗoriya wani ɗan Amurka, Christopher Kirkley, ya ci karo da ɗaya a ma'ajiyar gidan tarihi a Yamai, ya nemo mai shi, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da aikin a 2013, har Mamman Sani ya je Turai yana wasa. Da ba suna a jikin kaset ɗin, wa za a nema?

Ba wai ba a yi ƙoƙari a gida ba. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da littafin tarihin Shata a 2006, shekara bakwai bayan rasuwarsa a 1999. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa da dama. Amma masana ba za su shiga ƙarƙashin gadon kowa ba. Mu a fadamar Hadejia matsalarmu biyu ce: zafin bazara yana lanƙwasa faifai, damina kuma ta zo da ruwa, kamar yadda aka sake gani a 2022. Ga ta uku, wadda ta fi su ɓarna: ranar rabon gado a ce tarkace ne, a watsar ko a ba yara su yi wasa.

Don haka ga abin da nake roƙo. Ka je wajen Baba ko Hajiya ko Kawu ka tambayi ina tsofaffin kaset da faya-fayai suke. Ka ɗauki hoton gaba da baya da wayarka kafin komai. Ka zaunar da mai su ya gaya maka inda ya saya ko ya ɗauka, da shekara, da waɗanda suke wurin, ka rubuta. Faifai a tsaye ake ajiye shi, a inuwa, a sama inda ruwa ba zai kai ba. Kaset ɗin da ya jiƙa ko ya yi fumfuna kada a sa shi a rikoda, zai tsinke. In za a mayar da sautin cikin kwamfuta, a ajiye na asali, a sa wa fayil ɗin cikakken suna. In kuma wani ya zo saye, kada a yi gaggawa, kuma a tuna mawaƙan nan sun bar iyali masu haƙƙi.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A cikin faya-fayai bakwai na kakana, biyu har yanzu suna juyawa, amma ba takarda ba kwali, shi kuma mai akwatin ya rasu bara kafin in zauna da shi in tambaya. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan su Shata da Haruna Uji. Wanda duk ya samu wani abu a gidansu, ya ɗora hoton a ƙasan wannan rubutu, da sunan gari. Sai mun haɗu a shiri na gaba.