ABIN DA LANDAN TA YAR, JOS TA ADANA

Na san kun saba ji na da zancen soyayya da zaman kishi, to yau sai ku yi mani haƙuri, tarihin wani wasan talabijin na Turawa na ɗauko maku. Kada wata ta taɓe baki ta ce ina ruwan Bagobira da wasan Ingila. Ki dai gyara zama ki bi ni a sannu, domin labarin nan a Landan ya tashi, ya biyo ta Jos, amma a ƙarƙashin gadonki zai sauka.

Duk wadda ta tashi a Sabon Birni ko Isa a shekarun 1980 ta san yadda talabijin take a wurinmu. Gida ɗaya ne ko biyu a unguwa ke da ita, baƙi-da-fari, in babu wuta a jona ta da batirin mota, yara mu cika tsakar gida maƙil. Abin da aka nuna yau kuwa ya wuce ke nan, in kin makara wajen wanke-wanke sai dai a ba ki labari. Ba mu taɓa tambayar inda wasannin nan suke kwana bayan an nuna su ba.

Sunan wasan Doctor Who, wato kamar a ce "Dakta wa?" domin babu wanda ya san sunan jarumin na ainihi. Irin ƙagaggun labaran nan ne na kimiyya, masu zancen taurari da wasu duniyoyi, kamar littafin Umaru Dembo na 1969, Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda yayyenmu suka karanta a makaranta. Shi Daktan baƙo ne daga wata duniya, yana da jirgi mai siffar shuɗin akwatin wayar 'yan sanda. Daga waje ɗan tsukuku ne, in kin shiga ciki sai ki tarar da fili fetal. Jirgin nan yana zuwa jiya, yana zuwa gobe, kamar yadda motar haya ke zuwa Shinkafi ta dawo.

Gidan BBC ne ya fara nuna shi ranar Asabar, 23 ga Nuwamba, 1963, kwana ɗaya tal bayan an harbe shugaban Amurka John Kennedy. Hankalin duniya duk yana can, har sai da aka maimaita kashi na farko a mako na gaba. Wani abu da zai burge ki, mace ce aka fara damƙa wa ragamar shirin, sunanta Verity Lambert, shekarunta 27, kuma a lokacin ita kaɗai ce mace mai irin wannan muƙami a sashen wasan kwaikwayo na gidan. An shirya shi ne don yara su koyi tarihi da kimiyya, kowane kashi kamar minti 25. Ai kuwa kafin shekara ta ƙare sai aka shigo da wasu dodannin ƙarfe da ake kira Dalek, nan fa yara da manya suka rikice, wasa ya karɓu.

A 1966 jarumin farko, William Hartnell, lafiya ta yi masa ƙaranci, har haddar magana ta fara gagarar sa. Da wani wasan ne da shi ke nan an rufe. Sai masu shirin suka yi dabara irin ta tatsuniya, suka ce ai Dakta ba mutum ba ne, in jikinsa ya gaji rikiɗa yake ya sake kama. Mai kallo na zaune sai ya ga fuskar tsohon ta narke ta koma ta wani, Patrick Troughton. Wannan dabara ita ce sirrin tsawon ran wasan, in wannan ya gaji wancan ya karɓa, riga ɗaya masu sawa da yawa. A 1970 aka fara nuna shi da kala, Jon Pertwee ne Dakta. Daga 1974 zuwa 1981 Tom Baker ya riƙe, mai dogon mayafin wuya.

Kowane tsuntsu da ranar saukarsa. Masu kallo suka yi ta raguwa, a watan Disamba 1989 aka dakatar da shi bayan zango 26. A 1996 aka gwada tayar da shi da fim guda tare da Amurkawa, abin bai ɗore ba. Sai ranar 26 ga Maris, 2005, ya dawo da ƙarfinsa. A ƙarshen 2017 Dakta ya rikiɗa ya zama mace a karon farko, Jodie Whittaker. Daga Disamba 2023 zuwa Mayu 2025 kuma Ncuti Gatwa ne ya riƙe, baƙar fata haifaffen Ruwanda, wanda iyayensa suka gudu da shi yana ɗan ƙarami lokacin kisan kiyashin 1994. Ɗan gudun hijira ke nan ya zama jarumin wasan da Ingila ke tinƙaho da shi. Ki riƙe wannan a ranki, 'yar uwa, ke da kika ga yaran da aka goyo daga ƙauye cikin dare.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. A shekaru shida na farko, 1963 zuwa 1969, an yi kashi 253. A zamanin nan kaset ɗin ɗaukar hoto na gidan talabijin ƙato ne, ga tsada, saboda haka in an nuna wasa sai a goge a ɗora wani a kai. Yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar 'yan wasa ba ta yarda a yi ta maimaita shiri ba, sannan babu bidiyo a gidaje balle a ce za a sayar. Da kala ta shigo kuma sai aka ga baƙi-da-fari ya zama tsohon yayi, yana cinye wuri a sito kawai. Daga 1967 zuwa 1978 aka yi ta gogewa ana zubarwa. Ba mugunta ba ce, irin lissafin nan ne namu na ranar kwalema, ki ɗaga abu ki ce wannan me zai yi mani, ki wurga shi bola. Har kashin da Dakta na farko ya rikiɗa a cikinsa ya bi ruwa, ɗan guntu kawai ya tsira.

A 1978 aka farga. Aka naɗa wata mata, Sue Malden, ta kula da abin da ya kamata a adana, ta shiga bin diddigi. Ina za a nema? Dama kafin a goge kaset, akan kwafe wasan a kan fim irin na majigi, a zuba a gwangwani a sayar wa ƙasashen waje. Gwangwanin nan yawo yake hannu zuwa hannu, wannan ƙasa ta nuna ta miƙa wa waccan, kamar yadda littafi ɗaya ke zaga gidajen unguwa har bangonsa ya cire. Ƙa'ida ita ce wanda ya nuna a ƙarshe ya mayar ko ya lalata. Nijeriya tana cikin masu saye. Gidan talabijin na Kaduna da aka buɗe a 1962 ya nuna wasan tun a shekarun 1960, na Jos kuma ya nuna a tsakiyar shekarun 1970. Tun a tsakiyar shekarun 1980 ma an samo wasu kashi na zamanin Hartnell a ƙasar nan an mayar Ingila.

Babban abin mamakin sai a 2013. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda ya ɗauki shekaru yana bin tsofaffin sito na gidajen talabijin a Afirka, ya shiga wani ɗaki a Jos. Can kan kanta ya hango gwangwanaye, an manna ɗan filasta an rubuta sunan wasan a jiki. Kashi 11 aka mayar Ingila, 9 daga ciki an riga an fidda rai da su, shekara 45 rabon da mutanen Ingila su gan su. Labarai biyu ne na zamanin Troughton, The Enemy of the World, wato Maƙiyin Duniya, wanda ya cika cif da wannan tsintuwa, da kuma The Web of Fear, wato Yanar Tsoro, wanda ya rage saura kashi na uku. Shi Morris ya faɗa daga baya cewa ya ga na ukun a wurin, amma kafin a kwaso kayan ya yi ƙafa. A watan Oktoba aka yi shela, jaridun duniya suka ɗauka, adadin ɓatattun ya sauko daga 106 zuwa 97. Wata guda bayan nan aka yi bikin cikar wasan shekara 50, aka nuna shi lokaci ɗaya a ƙasashe 94.

Ki duba fa. Masu abu sun zubar, wani ma'aikaci a Jos da duniya ba ta san sunansa ba ya ɗora a kanta ya bar shi nan. Ko mantuwa ce ko ganin ƙima ne, hannunsa dai bai kai shi bola ba, kuma ni a ganina sanyin Jos ma ya yi nasa taimakon, da a zafin bazararmu ne da wani zancen ake.

Akwai kuma wasu da suka fi ba ni sha'awa. Duk kashin da hotonsa ya ɓace, muryarsa tana nan. Su wa suka adana? Masu kallo ne a gida, da yawansu yara matasa, da suke kanga rakoda a bakin talabijin suna ɗauka, suna roƙon 'yan gida a yi shiru. Na tabbata iyayensu sun sha yi masu faɗan ɓarnar kaset. Da muryoyin nan ne daga 2006 aka fara zana hotunan katun ana ɗorawa a kai, ɓataccen wasa ya sake motsi. Abin da yaro ya yi don son ransa, shi babban gida ya dawo yana roƙo.

To mu fa? Mu ma muna da namu. Wace ce ba ta san Samanja Mazan Fama ba, na marigayi Usman Baba Pategi da ya rasu a Nuwamba 2023, wasan da ya faro daga rediyon Kaduna ya koma talabijin ya shekara da shekaru? Ga Karkuzu na Jos, ga Ƙasimu Yero da ya rasu a 2017. Ga finafinan Hausa na kaset da suka faro da Turmin Danya a Kano a 1990. In yau 'yarki ta ce Umma nuna mani Samanja daga farko har ƙarshe, ina za ki nufa? Abin da ke yawo a waya guntaye ne, wani babu kai, wani babu gindi. In gida irin BBC mai kuɗi da ma'aikata ya yi asarar nasa, ai wanda ya ga gemun ɗan uwansa ya kama wuta ba sai an ce ya nemi ruwa ba.

Ni kaina na taɓa yin wannan wauta. Da za mu sake gida na tattara buhu guda na kaset na ba yara su yi wasa, na ce ai yanzu zamanin waya ne. Sai da suka zare zaren suka ɗaure a kara suna gudu da shi, sannan na tuna a ciki akwai wanda kakata ta yi magana, tana lissafa kakanninmu tun daga tashin Alkalawa. Ta kan ce, "Ɗiyata, abin da ba a aje ba, ba a gado nai." Ga shi kuwa muryar da ta faɗa mani hakan ita na yar da hannuna.

Mu mutanen gabashin Sakkwato abin ya fi matsa mana. Tun daga 2019 dubban 'yan uwanmu suka tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, a watan Mayu 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. Wadda ta fita da goyo a baya da wani a hannu, wa zai ce mata ta tsaya ɗaukar hoton aure? Rai ya fi komai. Amma shi ya sa tun ana zaune lafiya ya kamata a yi tanadi, domin ba a fafa gora ranar tafiya.

Darasin Jos shi ne abu ya tsira saboda kwafinsa ya yi nisa da gida. Saboda haka, 'yar uwa, ki jawo akwatin nan na ƙarƙashin gado. Kaset ɗin bikinki, na wasan kwaikwayo, na makaɗan fada, ki nemi masu mayarwa cikin waya su juye maki. Tsofaffin hotuna da littattafanmu na Hausa da bangonsu ya fara cinyewa, ki ɗauke su hoto shafi-shafi. Sannan kada ki bar su a waya ɗaya, ki tura wa yayarki ta Sakkwato, ki tura wa ƙanwarki ta Kano, ki ba ɗan uwanku na Maraɗi. Na asalin kuma ki naɗe a tsumma mai tsabta, nesa da rana da laima da gara. In akwai tsohuwa a gidanku, yau da dare bayan an ci tuwo ki kunna waya ki ajiye a gefenta, ki ja ta da hira.

Mu mata mu ne masu adaka tun fil azal. Wadda ta iya ɓoye zannuwan lefe shekara ashirin ba su yi ko tabo ba, ba za ta kasa ɓoye muryar uwarta ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa.