Yunwa ko Kwaɗayi: Me Ke Sa Maye Cin Kurwa?

Masu nazarin adabin Turai sun daɗe suna gardama a kan bamfaya, gawar nan ta ƙagaggun labarai mai fitowa daga kabari tana shan jinin masu rai: da jinin take rayuwa, ko kuwa kwaɗayinsa kawai take yi? Littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, bai yanke hukunci ba. Baƙon da ya sauka a gidan Dirakula, bamfayan labarin, ya lura ba ya taɓa cin abinci, daga baya ya tarar da shi kwance cikin akwati, jini a gefen baki, ƙuruciya ta dawo masa. Amma babu inda aka nuna yunwa ta kashe shi. Jemagen Kudancin Amurka mai shan jini shi ne buƙatarsa ba ta da ja, don idan ya yi kamar kwana uku bai samu ba, mutuwa yake yi.

A ƙasar Guddiri, daga Azare zuwa tsohon garin Katagum, ba a san gawa mai yawo ba. Wanda ake tsoro yana da rai, yana da gona, ana zuwa sunan 'ya'yansa. Shi ne maye, kuma ba jini ake cewa yana nema ba, kurwa ce. Idan aka ɗora masa waccan tambayar ta Turawa, amsar da al'ada ke bayarwa ta fi karkata ga kwaɗayi.

Hujja ta farko tana cikin akushi. Maye na cin tuwo da miyar kuka, yana shan fura da nono kamar kowa, saboda haka kurwa ba ita ke riƙe da ransa ba. Abin da ake cewa yana ɗauke da shi ƙanƙara ce a ciki, wasu 'yan duwatsu da ake sha a nonon uwa ko a saya a wurin mai ita. Pamela Schmoll, wadda ta yi bincike a tsakanin Hausawan yankin Maraɗi ta buga sakamakon a 1993, ta ji wannan bayani na duwatsu masu rai, da na wanda ya gada da wanda ya saya. Mai saye kuwa ai ba yunwa ce ta kai shi ba. Yana zaune lafiya ya je ya nemo, don hassada ko son abin duniya.

Sai maganar magani. Aikin Sarkin Mayu, a yadda ake bayarwa, har da sa maye ya amayar da ƙanƙararsa, bayan nan ya ci gaba da zama cikin mutane. Abin da mutum zai amayar ya tashi garau ba za a kira shi abincin da yake rayuwa da shi ba.

Harshen ma ya riga ya ba da shaida. Wanda ba ya iya wuni sai ya zauna a teburin mai shayi, mayen shayi ake ce masa. Akwai mayen ƙwallo, mayen kuɗi, mayen mata. Ba wanda ke cewa mayen numfashi, ko ya kira jariri mayen nono don yana tsotso. Bahaushe ya ajiye kalmar ne ga son da ya wuce kima, wanda mai shi ya kasa danne shi.

Akwai dai abin da ke ja da wannan ra'ayi, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Masu ba da labari kan ce idan ƙanƙara ta motsa maye ba ya samun sukuni, idan bai sami na waje ba sai ya juya kan na gida. Kariyar da yara ke furtawa, kurwata kur, tana tura maye ne ya ci kansa. To amma a nan ma yunwar ta ƙanƙara ce, shi mutumin matsa masa ake yi, kamar yadda jaraba ke matsa wa mashayi. Inda jini ya zama abinci sosai shi ne wurin iskoki. Joseph Greenberg, a littafinsa na 1946 kan Maguzawan ƙasar Kano, ya nuna cewa manufar yanka ita ce ciyar da iska da jini. Daga irin wannan tunani aka sami sunan shan inna, wai iskar da ake kira Inna ce ta shanye ƙafar yaro, alhali ƙwayar cutar foliyo ce, wadda aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'inta na asali a 2020.

Dalilin da ya sa wannan gardama ta fi nauyi a nan shi ne Dirakula a takarda yake, wanda ake kira maye kuwa maƙwabci ne. Tunda an ɗauka yana iya haƙura, an ɗauka ke nan yana iya sakin kurwar da ya kama, sai a tilasta masa. Yaro na kwance jiki zafi rau, idanu sun kakkafe, yana sambatu, sai sunan wata tsohuwa ya fito daga bakinsa. Kafin a jima an cika ƙofar ɗakinta, an jawo ta, ana cewa sai ta tsallake shi. Galibi gwauruwa ce, ko wadda ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. Ko yaron ya tashi ko bai tashi ba, tabon ya bi 'ya'yanta mata har wurin neman aure, don an ce a nono ake sha.

Kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya sa jifan mutum da maita cikin laifuka, malamai kuma sun sha jan kunne a kan zato da ƙazafi. Sambatu da sanƙarewar nan, musamman da damina, alamomi ne da likita ya sani na zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Sa'o'in da aka ɓata a ƙofar ɗakin tsohuwar sun isa a ɗauko shi daga ƙauyen Shira ko na Gamawa a kai shi asibiti a Azare.