Yadda Tsohuwar Mota Ta Koyi Tafiya a Kan Rairayi

Tun zamanin da ayarin gishiri ke tashi daga ƙasar Azbin bayan damina, ya doshi Fachi da Bilma da raƙuma dubbai, madugu na gaba yana karanta taurari kamar yadda almajiri ke karanta allonsa, mutanen Sahara sun san cewa hamada ba ta karɓar baƙo sai bisa sharuɗɗanta. Kuma da mota ta zo daga baya, da ƙararta da hayaƙinta da alfaharin waɗanda suka ƙera ta, sharuɗɗan nan ba su sauya ba ko da ƙwayar zarra. Saboda haka da wuya a sami motar da ta daɗe tana zirga-zirga cikin rairayi a kan siffar da ta fito da ita daga masana'anta, sai dai an rage mata wani abu, an ƙara mata wani, an ɗaure nan, an liƙe can, har mai ita na farko, in da zai gan ta, sai ya yi rantsuwa bai taɓa saninta ba. Wannan ragi da ƙari sana'a ce mai zaman kanta, tana da asali, tana da malamai, har ma tana da isnadi, ko da yake yawancin masu riƙe da ita yau ba su san sunan waɗanda suka gada ba.

A farkon al'amari Turawa sun rabu mazhaba biyu a kan wannan mas'ala. Mazhabar farko ta Faransawa ce, masu ganin cewa hamada na bukatar mota ta musamman, wadda za a zauna a ƙera dominta. André Citroën ya ɗauki hikimar wani injiniya, Adolphe Kégresse, wanda ya taɓa kula da motocin Sarkin Rasha, ya sa aka cire tayoyin baya aka maye gurbinsu da ɗamarar roba mai juyawa irin ta katafila. Motoci biyar irin waɗannan suka tashi daga Tugurt ta ƙasar Aljeriya ran 17 ga Disamba 1922, suka shiga Tambutu ran 7 ga Janairu 1923, tafiyar da raƙumi kan ci watanni kafin ya gama. A ƙarshen 1924 wani ayarin nasu ya biyo ta Yamai da Damagaram ya nufi Tafkin Chadi. Abin ya ƙayatar, an ɗauki hotuna, an buga a jaridu. Amma mota ce ta mai dukiya, mai jinkirin tafiya, kuma in ɗamarar ta tsinke a tsakiyar daji babu maƙerin da zai ɗinka ta.

Mazhaba ta biyu ta tsiro ne a Masar, a hannun waɗansu hafsoshin Ingila marasa kuɗi masu yawan ƙwaƙwa. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Farko sojojinsu sun yi sintiri a hamadar yamma da ƙananan motocin Ford, kuma wani hafsa mai suna Ralph Bagnold ya ɗora a kan abin da suka bari, yana ɓatar da hutunsa shi da abokansa wajen kutsawa inda kowa ya ce mota ba ta shiga. Ijtihadinsa bai wuce abubuwa kaɗan ba, amma har yau a kansu ake. Ya tabbatar da cewa in an sace wa taya iska har ta kwanta, sawunta kan yi tsawo da faɗi, nauyin motar ya bazu, ta bi saman rairayi maimakon ta haƙa wa kanta kabari. Wanda kuwa ya taɓa duban tafin raƙumi yadda yake baje in ya taka ƙasa ya san cewa ƙiyasi ne kawai aka yi a kan halittar Ubangiji. Ya kuma kyautata dabarar hana asarar ruwa, domin a da in lagireto ya tafasa sai tururi ya tafi a banza, alhali ruwan nan shi ne ran mutum da na injin gaba ɗaya. Sai aka ja siririn bututu daga bakin lagireto zuwa wani gwangwani da aka ɗaure a gefen mota da ɗan ruwa a ciki, tururin ya shiga ya huce ya koma ruwa, in injin ya yi sanyi kuma ya zuƙo abinsa da kansa. Faranta na ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya in mota ta kafe, a wajen masu sayar da tarkace na Alƙahira ya tsinto su, ragowar ƙarafan da aka yi nufin rufa ramukan sojoji da su a yaƙin da ya wuce. Ashe tun ranar farko bola ce ɗakin karatun wannan ilmi.

Da yaƙi na biyu ya ɓarke, aka ba Bagnold izni a 1940 ya kafa runduna mai dogon zango a hamada. Ya zaɓi manyan motocin Chevrolet na kasuwa, waɗanda tayoyin baya kaɗai ke ja, saboda sun fi sauƙin nauyi da ƙarancin shan mai. Aka cire musu ƙofofi da rufi da gilashin gaba, aka ƙara fallayen ƙarfe a sifirin, aka sa tayoyi masu faɗi. Da su aka kai hari Murzuk ta ƙasar Fezzan a Janairun 1941, tare da Faransawan da suka hauro daga Chadi. A wannan yaƙin ne kuma, in mai karatu zai yi mini uzurin ɗan ratse, muka sami kalmar jarka: gwangwanayen man Ingilishi masu yoyo ne, na Jamusawa kuwa masu ƙwari, sai sojan Ingila suka riƙa kwashe na abokan gaba suna kiransu da laƙabin da suka ba Bajamushe, sunan ya bi ƙarfen har ya iso bakin 'yan ga-ruwa.

Bayan yaƙi aka sami Land Rover, wadda aka fara nunawa a 1948, jikinta na alminiyam saboda ƙarfe ya yi wuya a Ingila a lokacin, fasalinta kuma an ɗebo shi daga Jeep ta sojan Amurka. Ita ce motar Di'o da likitan dabbobi da ma'aikatan En'e, ita ce mutanen ƙauye da yawa suka fara gani da sunan mota. Falalarta ita ce kusan kome nata da kusoshi aka ɗaure, yaro mai sifana uku zai iya kwance ta ya mayar. Aibinta kuwa, wanda duk direban da ya yi zamani da ita zai ba da shaida, shi ne sandar ƙarfen nan mai juya tayar baya, wadda kan karye in an matsa mata cikin yashi, har ya zama ɗaukar ta safaya farilla ce a kan matafiyi. In gwamnati ta gaji da ita ta yi gwanjo, sai ta faɗa hannun ɗan kasuwa, daga nan rayuwarta ta biyu ta fara, wadda sau da yawa takan fi ta farkon tsawo.

Amma zamanin da sana'ar ta zauna da gindinta a ƙasar Nijar shi ne daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen na 1980. Ma'adinin yuraniyom ya raya Arlit, kuɗi sun shigo, sai samarin Turai suka gano cewa tsohuwar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da ta gama amfani a Faransa ko Jamus, in an iya kai ta Agadas ko Yamai ko a gangara da ita kudu, kuɗinta kan biya tafiyar har da saura. Sukan haye teku zuwa Aljeriya, su bi kwalta har Tamanrasat, daga nan sai hanyar Allah: kimanin kilomita 400 zuwa In Gezzam, a ƙetara iyaka a Asamaka, sa'an nan wasu kamar 200 zuwa Arlit. Motar nan ba a yi ta domin hamada ba, tayoyi biyu ne ke janta, amma tana da tsawon ƙafa da haƙurin duka, har ta ci gasar Safari ta Afirka ta Gabas a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa ta a Kaduna. Sukan liƙa mata faranti a ƙarƙashin kwanon baƙin mai don kada dutse ya fasa shi, su ɗaga ta kaɗan, su ɗora jarkoki da shebur. Waɗanda suka isa sun isa. Waɗanda ba su isa ba kuwa gawarwakin motocinsu sun daɗe a rairayin Lawuni, an kwashe musu duk abin da hannu zai iya kwancewa. Kayan da aka kwasa ɗin ba su ɓata ba, a garejin Arlit da Agadas suka ƙare, suka zama jarin makanikai. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda Thierry Sabine ya fara a ƙarshen Disambar 1978, ita ma ta riƙa ratsa Agadas tana barin tayoyi da karyayyun ƙarafa da sababbin dabaru, kuma Mano Dayak, wanda filin jirgin garin ke ɗauke da sunansa yau, ya tara direbobin Azbinawa masu kai baƙi yawon Tenere. Tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 da fitinar Aljeriya suka rufe wannan babi.

Ba zan wuce ba tare da ambaton Sudan ba, domin a can ne aka kai wannan fanni matuƙa, kuma alhazanmu na ƙasa, waɗanda suka bi ta Jinaina da Fashir da Ubayyid a bayan manyan motoci, sun ɗanɗani aikin da jikinsu. Makanikan can sukan karɓi Bedford, su wargaza ta har ƙashin bayanta, su ninka shasi da wani ƙarfen, su ƙara sifirin, su sake gina ta yadda za ta ɗauki fiye da abin da kamfani ya ƙayyade mata nesa ba kusa ba, su kuma kira ta Sifinja, wato silifas ɗin soso, saboda laushin tafiyarta. Kamfanin ya daina ƙera ta tuntuni, su kuwa ba su daina ba.

Toyota ce ta gaji kowa. Land Cruiser da Hilux sun zo da abin da Land Rover ta rasa, wato ƙarfin ƙafa da rashin yawan ƙorafi, kuma hujjarsu ta bayyana a 1987, sa'ad da sojojin Chadi a kan a-kori-kura da aka girka wa makamai suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har yaƙin ya ɗauki sunan motar. Yau ita ce ke bin hanyar Dirku da Segedin, ita ce ta kwashi masu neman zinariya zuwa Jado tun 2014, mutanen Nijar kuma kat-kat suke ce mata, daga lafazin Faransanci na tayoyi huɗu masu ja gaba ɗaya.

Na taɓa wuni a wani gareji a bayan garin Agadas, ina jiran a duba motar da za ta kai mu arewa, kuma abin da na gani a can ya fi mini abin da na karanta. Garejin ba kome ba ne illa inuwar rumfa da rami da tarin ƙarafa, mai shi dattijo ne mai furfura, rawaninsa ya sha baƙin mai har ba a gane launinsa na asali. Wata tsohuwar Land Cruiser ce a gabansa, an ɗage ta a kan kututture, yana ƙara mata falle a sifirin baya. Ya ɗauko fallen daga na wata babbar mota da ta mutu, ya auna da igiya, ya yanke, ya ɗora a kan guntun dogo yana bugu da guduma har lanƙwasarsa ta dace da ta 'yan'uwansa, yana ɗagawa yana duba ta gefen ido kamar mai gyaran alƙalami. Mai motar ya roƙa a ƙara biyu. Dattijon ya ce, "Alhaji, ɗaya za ka samu. In na sa biyu ta yi tauri, abin da sifirin ya ƙi sha shasi ne zai sha, kuma ranar da ya tsage ba ni ne a wurin ba." Sa'an nan ya kira yaronsa ya ce a kwance ƙaton ƙarfen adon da aka liƙa a gaban motar, a kawo salka biyu a rataya a gefe inda iska za ta riƙa bugunsu. Da na tambaye shi abin da yake sa direba ya ɗauka, bai lissafa mini da yawa ba: bel, da tiyo, da matatar mai, da waya, da tsohon tub da aka yayyanka, da sabulu, domin in tanki ya huje a daji sabulun da aka murza da ɗan ruwa kan toshe shi har a kai gari. Ya ce maigidansa, wanda ya koyi aiki a garejin ma'adinai na Arlit, ya hana shi ɗora wa mota duk abin da ba zai iya gyarawa da hasken tocila ba.

Da la'asar sakaliya aka jawo wata sabuwar mota mai sheƙi, wadda ta mutu ba tare da wani dalili na zahiri ba, wata 'yar fitila kawai ke kyaftawa a gaban sitiyari. Dattijon ya buɗe murfin injin, ya tsaya yana kallon baƙar robar da aka lulluɓe kome da ita, ya sa kunne, ya shinshina, ya mayar da murfin a hankali. Ya aiki yaro cikin gari a kan babur ya kira wani saurayi mai kwamfuta, shi kuwa ya yi alwala ya ba da farali, ya koma ƙarƙashin tsohuwar Land Cruiser da sifanarsa, ya ce wa Alhaji ya zo da asuba ya ɗauka.