Paul Bryant da wariyar launin fata a wasannin jami'o'in Amurka

Fiye da shekaru 40 bayan mutuwarsa, har yanzu ana taƙaddama a Amurka a kan rawar da Paul Bryant, shahararren mai horar da 'yan wasan Jami'ar Alabama, ya taka a zamanin wariyar launin fata.

Babu mai musun ƙwarewarsa a fagen wasa, domin kuwa sau shida yana ciwo wa jami'ar kambun ƙasa. Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne dalilin da ya sa ya shafe shekaru 13 yana jagorantar ƙungiyar kafin baƙar fata na farko ya buga mata wasa.

Magoya bayansa na cewa mutum ne mai hangen nesa, wanda ya bi sannu a hankali har ya sauya tunanin jama'arsa. Masu sukarsa kuma na ganin ya yi gum da bakinsa a lokacin da kalma ɗaya daga gare shi za ta iya yin tasiri.

Wane irin wasa ne?

Wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ya sha bamban da wanda matasa ke bugawa a filayen Gummi ko Anka. Ya fi kama da zari-ruga, inda ake rungumar ƙwallo a hannu ana kutsawa da ita zuwa gidan abokan hamayya, kowane ɓangare da mutum 11.

A kudancin Amurka wasannin da jami'o'i ke yi tsakaninsu na da farin jini ƙwarai. Filin wasan Jami'ar Alabama da ke garin Tuscaloosa na ɗaukar 'yan kallo kimanin dubu 100.

Jami'o'in kan bi makarantun sakandare suna zaƙulo yara masu hazaƙa, su ba su gurbin karatu kyauta domin su buga musu wasa. Saboda haka hana yaro shiga ƙungiya daidai yake da toshe masa wata hanya ta samun ilmi mai zurfi.

Asalinsa

An haifi Paul William Bryant ranar 11 ga watan Satumban 1913 a ƙauyen Moro Bottom na jihar Arkansas. Iyayensa talakawan manoma ne, kuma shi ne na 11 cikin 'ya'ya 12.

Ya samu laƙabin Bear ne tun yana ɗan shekara 13, lokacin da ya amince ya yi kokawa da wata ƙatuwar dabbar daji mai wannan suna a wani gidan wasa da ke garin Fordyce.

Ya yi karatu a Jami'ar Alabama inda ya buga mata wasa, sannan ya yi aiki da rundunar sojan ruwa a lokacin yaƙin duniya na biyu. Daga bisani ya horar da ƙungiyoyin jami'o'in Maryland da Kentucky da kuma Texas A&M.

A 1958 ya koma Alabama, inda ya zauna har shekaru 25. Ƙungiyarsa ta zama zakarar ƙasa a shekarun 1961 da 1964 da 1965 da 1973 da 1978 da kuma 1979. Uku na farko ya same su ne da 'yan wasa fararen fata zalla.

Alabama a zamanin wariya

Tun 1896 kotun ƙolin Amurka ta halatta raba farare da baƙaƙe a wuraren jama'a. A jihohin kudu an raba makarantu da asibitoci da kujerun motocin haya, har ma da famfon shan ruwa.

A 1954 kotun ta yanke hukuncin cewa raba makarantun gwamnati ya saɓa wa tsarin mulki, amma hukumomin Alabama suka yi kunnen uwar shegu da hukuncin.

A watan Fabrairun 1956 wata ɗaliba baƙar fata, Autherine Lucy, ta shiga Jami'ar Alabama bisa umarnin kotu. Kwana uku kacal ta yi tana ɗaukar darasi, tarzoma ta ɓarke, hukumar jami'ar ta dakatar da ita, daga baya kuma ta kore ta.

A watan Janairun 1963 George Wallace ya kama mulki a matsayin gwamnan jihar, tare da alƙawarin cewa wariya za ta dawwama har abada.

Ranar 11 ga watan Yunin shekarar ya tsaya da kansa a ƙofar wani zauren jami'ar domin hana ɗalibai biyu, Vivian Malone da James Hood, yin rajista. Sai da Shugaba John Kennedy ya mayar da dakarun tsaron jihar ƙarƙashin ikon gwamnatin tarayya sannan gwamnan ya ba da hanya.

Watanni uku bayan haka 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan suka tayar da bam a wata majami'ar baƙar fata da ke Birmingham, inda 'yan mata huɗu suka hallaka. A wannan birni ne ƙungiyar Bryant ke buga da yawa daga cikin manyan wasanninta.

Duk tsawon wannan lokaci Bryant bai fito fili ya ƙalubalanci gwamnan ba. Jami'ar ta buɗe azuzuwanta ga baƙar fata a 1963, amma ƙungiyar wasanta ta ci gaba da zama ta farare har wasu shekaru takwas.

Matsin lamba daga waje

Masu kare Bryant na nuni da cewa tun watan Disamban 1959 ya kai ƙungiyarsa birnin Philadelphia, ta kara da Jami'ar Penn State wadda ke da ɗan wasa baƙar fata, Charlie Janerette. Wannan ya fusata masu ra'ayin wariya a gida. An doke Alabama da ci 7 da nema.

Sai dai suna linzami ne, kuma sunan da jihar ta yi ya riƙa bin ƙungiyar duk inda ta nufa.

A 1966 Alabama ta lashe dukkan wasanninta 11, amma masu kaɗa ƙuri'ar zaɓen zakaran ƙasa suka ajiye ta a matsayi na uku, bayan jami'o'in Notre Dame da Michigan State, waɗanda suka tashi kunnen doki 10 da 10 a karawar da suka yi. Mutanen Alabama da dama sun ɗauki wannan a matsayin horo saboda manufofin Gwamna Wallace.

Abin lura shi ne ƙungiyar Michigan State ta wannan shekara cike take da baƙaƙen fata, da yawansu 'yan kudu, irin su Bubba Smith daga Texas da Jimmy Raye daga North Carolina. Mai horar da su, Duffy Daugherty, ya daɗe yana kwasar yaran da jami'o'in jihohinsu suka rufe wa ƙofa.

Mayar da masu wariya saniyar ware a fagen wasanni ba baƙon abu ba ne ga 'yan Najeriya. Ƙasar na cikin waɗanda suka ƙaurace wa wasannin Olamfik na Montreal a 1976, saboda rangadin da 'yan zari-rugar New Zealand suka kai Afirka ta Kudu.

A 1967 wasu ɗalibai baƙaƙe biyar, ciki har da Dock Rone, suka shiga atisayen ƙungiyar Alabama don raɗin kansu. Bryant bai hana su ba, amma babu ko ɗayansu da ya buga wasa a kakar da ta biyo baya.

A wannan shekara ce Nate Northington na Jami'ar Kentucky ya zama baƙar fata na farko da ya buga wasa a gasar jami'o'in kudu maso gabas, wadda Alabama ke ciki. Jami'ar Tennessee ta bi sahu a 1968.

A watan Yulin 1969 ƙungiyar ɗalibai baƙar fata ta jami'ar ta maka Bryant a kotun tarayya, tana zarginsa da nuna bambanci wajen ɗaukar 'yan wasa. Lauyansu, U.W. Clemon, shi ne daga baya ya zama baƙar fata na farko da aka naɗa alƙalin kotun tarayya a jihar.

Watanni biyar bayan shigar da ƙarar, Alabama ta bai wa Wilbur Jackson, ɗan garin Ozark, gurbin karatu domin ya buga mata wasa. An kori ƙarar a 1971 bayan da jami'ar ta fara ɗaukar baƙaƙe.

Wasan 1970

Babu wani lamari da ake yawan ambata a wannan tarihi kamar wasan da aka yi ranar 12 ga watan Satumban 1970 a Birmingham, tsakanin Alabama da Jami'ar Kudancin California, wadda abokin Bryant, John McKay, ke horarwa.

Baƙin sun zo da baƙaƙe uku a sahun masu kai hari: Jimmy Jones da Sam Cunningham da kuma Clarence Davis, wanda haifaffen Birmingham ne. Sun lallasa masu masaukinsu da ci 42 da 21.

Cunningham shi kaɗai ya kutsa da ƙwallo tsawon yadi 135, ya kuma kai ta gidan Alabama har sau biyu.

Daga nan ne labarai suka bazu. Wasu suka ce Bryant ya shirya wasan ne da gangan, domin magoya bayansa su gani da idonsu abin da suke asara. Wasu suka ce bayan an tashi ya kama hannun Cunningham zuwa ɗakin 'yan wasansa, ya nuna musu shi a matsayin abin koyi.

Har ma ana danganta wa wani tsohon mataimakin Bryant cewa abin da Cunningham ya yi wa Alabama cikin minti 60 ya zarce wanda Martin Luther King ya yi cikin shekaru 20.

Masana tarihi na ɗari-ɗari da waɗannan labarai. 'Yan wasan Alabama da dama da ke wurin sun ce ba a shigo musu da kowa ba. Kazalika Wilbur Jackson ya riga ya zama ɗalibin jami'ar, kuma ƙa'idar lokacin ce ta hana 'yan shekarar farko bugawa. Ke nan an yanke shawarar ɗaukar baƙaƙe tun watanni tara kafin wasan.

Akwai kuma masu ganin wannan labari na rage darajar waɗanda suka sha duka da ɗauri, wasu ma suka rasa rayukansu, kafin a samu dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta 'yancin kaɗa ƙuri'a ta 1965.

Bayan an buɗe ƙofa

A watan Satumban 1971 John Mitchell, ɗan birnin Mobile, ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa Alabama wasa. A ranar ƙungiyar ta rama abin da aka yi mata, ta doke Kudancin California da ci 17 da 10 a birnin Los Angeles.

Daga nan sauyi ya zo da hanzari. A 1972 Mitchell ya zama ɗaya daga cikin kyaftin-kyaftin na ƙungiyar, a 1973 kuma Bryant ya ɗauke shi mataimaki. A wannan shekara kusan kashi ɗaya cikin uku na masu fara wasa baƙaƙe ne.

Sakamako ma ya sauya. Ƙungiyar da ta ci wasanni shida kacal a 1969, haka ma a 1970, sai ga shi ta ci 11 a 1971.

Da yawa daga cikin baƙaƙen da suka yi wasa a hannunsa sun shaide shi da adalci. Ɗaya daga cikinsu, Ozzie Newsome, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin babban manaja a gasar ƙwararru ta NFL, a ƙungiyar Baltimore Ravens a 2002.

Wani kuma, Sylvester Croom, ya nemi kujerar Bryant a 2003, amma jami'ar ta bai wa Mike Shula, lamarin da ya jawo suka daga Rabaran Jesse Jackson. A ƙarshen shekarar Jami'ar Mississippi State ta ɗauke shi, ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci wata ƙungiya a gasar yankin.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan Bryant na cewa ma'aikacin jami'ar gwamnati ne, kuma gwamna da 'yan majalisar jiha ne ke riƙe da lalitar jami'ar. A ganinsu da ya yi gaggawa, da ya jefa yaran da zai ɗauka cikin haɗari.

Suna kuma tunatar da cewa Alabama ba ita ce ta ƙarshe ba, domin jami'o'in Mississippi da Louisiana State sai a 1972 suka fito da baƙaƙe fili.

Masu sukarsa, ciki har da Howell Raines, ɗan asalin Alabama kuma tsohon babban editan jaridar New York Times, na cewa shi kaɗai ne mutumin da farin jininsa ya kai na Gwamna Wallace a jihar, amma bai yi amfani da wannan dama ba.

A cewarsu sai da kotu ta taso shi gaba, ƙungiyarsa kuma ta fara shan kaye, sannan ya motsa, abin da ke nuna cewa neman nasara ne ya sauya shi, ba kishin gaskiya ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Bryant ya yi ritaya a watan Disamban 1982 da nasarori 323, adadin da babu wani mai horarwa a manyan jami'o'i da ya taɓa kaiwa a lokacin. Ya mutu sakamakon bugun zuciya ranar 26 ga watan Janairun 1983, makonni huɗu bayan wasansa na ƙarshe.

Dubun dubatar mutane ne suka yi dafifi a bakin hanya daga Tuscaloosa zuwa Birmingham inda aka binne shi, kuma 'yan wasansa, baƙaƙe da farare, su ne suka ɗauki akwatin gawar. Shugaba Ronald Reagan ya ba shi lambar yabo mafi girma da ake bai wa farar hula.

Wanda ya zarce shi a yawan nasarori a 1985 shi ne Eddie Robinson na Jami'ar Grambling, ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa wa baƙar fata a zamanin wariya. Ya yi ritaya a 1997 da nasarori 408.

A 2022 Jami'ar Alabama ta sanya wa ɗaya daga cikin gine-ginenta sunan Autherine Lucy, 'yan kwanaki kafin mutuwarta. Filin wasan jami'ar na ɗauke da sunan Bryant tun 1975, kuma har zuwa naɗin Kalen DeBoer a 2024 ba a taɓa damƙa ragamar ƙungiyar a hannun baƙar fata ba.